Tallafi a hannu, aikin gari ko rancen mata: wanne za a zaɓa a ƙauyukan Indonesiya?

Duk wanda aka damƙa wa kuɗin taimakon jama'a a wani ƙauyen Indonesiya, ko shugaban ƙauye ne, ko jami'in hukumar zakka, ko ma'aikacin wata gidauniya, tambaya guda ce take jiransa. A miƙa wa matalauta kuɗin a hannu? A gina abin da gari duka zai amfana? Ko a ba mata jari su juya? Ƙasar ta jarraba duka ukun, kuma a kan miliyoyin gidaje. Akwai PKH, wato tallafin kuɗi mai sharaɗi da aka fara a 2007. Akwai Dana Desa, kuɗin da gwamnatin tsakiya take turawa kai tsaye ga ƙauyuka kusan 75,000 tun 2015. Akwai kuma Mekaar, rancen ƙungiyoyin mata na kamfanin gwamnati PNM, wanda ya kai mata wajen miliyan 15. Tunda an auna sakamakon wasunsu da kyau, za a iya kwatanta su ba da zato ba.

Kafin a shiga lissafi, ga ma'auni. A watan Maris na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta sa iyakar talauci a rupiya 582,932 ga mutum ɗaya a wata, dala ɗaya kuwa tana kusan rupiya 16,000 a lokacin. Kashi 9.03 cikin 100 na jama'a ne ke ƙasa da wannan iyaka, amma a karkara adadin ya kai 11.79, a birane 7.09.

PKH: kuɗi ga uwa, da sharaɗi

Ma'aikatar jin daɗin jama'a ce ke gudanar da PKH. An fara da larduna bakwai, aka faɗaɗa har ya kai iyalai miliyan 10 a 2018. Ba kowane gida ake ba kuɗi iri ɗaya ba, ana duba waɗanda ke cikin gidan. Mai juna biyu tana da rupiya miliyan 3 a shekara, haka ma yaro ɗan ƙasa da shekara shida. Ɗan firamare 900,000, ɗan ƙaramar sakandare miliyan 1.5, ɗan babbar sakandare miliyan 2. Tsoho da mai nakasa mai tsanani suna da miliyan 2.4 kowanne. Mutum huɗu kawai ake lissafawa a gida ɗaya, kuma ana biya sau huɗu a shekara ta katin banki ko ta gidan waya, yawanci da sunan uwar gida.

A ɗauki gida mai mutum biyar: miji, mata mai ciki, yaro ɗan shekara uku, ɗan firamare da ɗan ƙaramar sakandare. Abin da za su samu shi ne miliyan 8.4 a shekara, wato 700,000 a wata. Iyakar talauci ga mutum biyar ta kusa miliyan 2.9 a wata, ke nan tallafin bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu na mafi ƙarancin abin da suke bukata ba. Wannan gidan ma yana cikin masu rabo mai tsoka. Gidan da ɗan firamare ɗaya kawai yake da shi 75,000 ke zuwa masa a wata. Duk mai tunanin kafa irin wannan shiri ya riƙe wannan lissafin, domin kuɗin ba jari ba ne, kuma ba a tsara shi ya zama jari ba.

Sharuɗɗan su ne mai ciki ta je awo, ta haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma, a kai yara rigakafi da awon nauyi a posyandu, wato zaman duba lafiya na wata-wata da matan unguwa masu aikin sa kai suke gudanarwa, ɗalibi kuma ya halarci aƙalla kashi 85 cikin 100 na ranakun makaranta. Kowace ƙungiyar iyaye mata tana da jami'i mai rakiya, ana ce masa pendamping, wanda ke tara su duk wata don darasin ciyar da yara, tattalin kuɗin gida da tarbiyya, shi ne kuma ke tabbatar da an cika sharaɗi.

Ƙarfin PKH shi ne an auna shi yadda ya kamata. Tun farko an yi ƙuri'a tsakanin gundumomi, wasu suka samu wasu ba su samu ba, masu bincike suka bi gidajen tsawon shekara shida. Tsumburewar yara ta ragu da kashi 23 cikin 100 a gidajen da suka samu. Yaran da ke tsakanin shekara 7 zuwa 15 da ba sa makaranta sun ragu da rabi. Haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya ta ƙaru sosai. Amma binciken bai ga wani babban sauyi a arzikin iyayen ba: ba su tara kadara ba, ba su sauya sana'a ba. Ribar tana jikin yaran, kuma raguwar tsumburewar ba ta fito fili a shekaru biyun farko ba, sai da aka daɗe ana biya. Wanda kuɗinsa na shekara ɗaya ne kada ya sa ran ganin wannan sakamako.

Babbar matsalar PKH tana wajen rajista. Sunan da aka rubuta shekaru da suka wuce yana nan ko da mai shi ya yi arziki ko ya rasu, wanda gobara ko ciwo ya talauta bara kuwa ba ya ciki. Idan lambar katin ɗan ƙasa ta saɓa da abin da ke ofishin rajistar jama'a, ko da harafi ɗaya ne a suna, kuɗi na iya tsayawa watanni. Wannan ne ya sa a 2025 gwamnati ta haɗe rajistocinta cikin guda ɗaya da ake kira DTSEN. An taɓa gwada hanyoyin zaɓen matalauta a ƙauyuka 640: a wasu an yi amfani da lissafin kadara, irin su rufin gida, daɓe da babur, a wasu kuma mutanen unguwa suka zauna suka jera gidaje daga mafi talauci zuwa mai hali. Lissafin kadara ya ɗan fi daidai wajen gano masu ƙarancin abin kashewa, amma zaman unguwa ya fi samun yardar jama'a, ƙorafi ya ragu, kuma ba a ga alamar manyan gari sun cusa danginsu ba. Wani abu da aka lura da shi yana da amfani ga duk mai shirya irin wannan zama: gidajen da aka jera a farkon taro an fi sa su a daidai wurinsu, waɗanda aka kai ƙarshe kuwa mutane sun gaji. A raba zaman gida biyu, ko a rage yawan gidajen da za a jera a zama ɗaya.

Ɓarna ta biyu tana wajen kati. An sha kama masu rakiya ko shugabannin ƙungiya da suka tattara katunan tsofaffi da lambobin sirri da sunan taimaka musu cirar kuɗi, suna yankar wani abu. Maganin shi ne kati ya kwana a hannun mai shi, a sanar da ranar biya da adadin kuɗi a bainar jama'a. Akwai kuma wata al'ada da wasu yankuna suka ɗauko ta rubuta "gidan matalauta" da fenti a bangon masu karɓa, wai don masu hali su ji kunya su janye. Wasu sun janye, amma cikinsu har da matalauta na gaskiya waɗanda mutuncin 'ya'yansu ya fi musu kuɗin. Wannan hanya ba ta dace ba.

Ga mai tunanin ko gara a raba kayan abinci maimakon kuɗi, tarihin ƙasar ya isa amsa. A shirin shinkafar talakawa na Raskin, kilo 15 aka ware wa kowane gida a wata, amma ƙauyuka da yawa sukan raba ta daidai ga kowa don gudun rigima, mabuƙaci ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 2021 kuma an yanke wa tsohon ministan jin daɗin jama'a, Juliari Batubara, ɗaurin shekara 12 saboda karɓar rashawa daga 'yan kwangilar kayan tallafin korona. Duk inda aka sa sayen kaya a tsakani, an ƙara hannun da zai iya tsakura.

Dana Desa: gari ya zaɓa, gari ya gina

Wannan hanya ta girmi PKH. Ta samo asali daga shirin raya gundumomi da aka fara da tallafin Bankin Duniya a 1998, lokacin da tattalin arzikin Asiya ya durƙushe kuma mulkin Suharto ya faɗi. Ya koma shirin ƙasa na ƙarfafa al'umma, PNPM, a 2007, sannan dokar ƙauyuka mai lamba 6 ta 2014 ta mai da kuɗin haƙƙin kowane ƙauye. Wanda ya san shirin CSDP a Najeriya zai gane tsarin, domin tushensu ɗaya ne. A 2015 an raba rupiya tiriliyan 20.7, a 2017 tiriliyan 60, daga 2019 zuwa 2025 kuma ana kewayen tiriliyan 70 a shekara, wato kusan biliyan ɗaya ga matsakaicin ƙauye.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Ana fara zama a unguwanni a tattara buƙatu. Majalisar ƙauye, BPD, ta kira babban taron shawara da ake kira musdes, a tsayar da abin da za a sa gaba. Daga nan a rubuta shirin aikin shekara, wanda ya kamata a kammala kafin ƙarshen Satumba, sai kasafin kuɗin ƙauye kafin ƙarshen Disamba. Kowane aiki yana da takardar ƙiyasin kaya da lada, da kwamitin aiwatarwa daga mutanen gari. Ƙa'ida ita ce gari ya yi aikinsa da kansa da kayan gida, ba a ba ɗan kwangila ba. Kuɗin yana zuwa kashi-kashi, ba a sakin na gaba sai an kai rahoton na baya, ana kuma shigar da komai a manhajar lissafi ta Siskeudes, a kafa babban allon kasafi a gaban ofishin ƙauye. A 2018 an umarta a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin gini don ladan leburori 'yan gari, a fifita marasa aikin yi.

Abin da wannan hanya ke iyawa babu tallafin hannun da zai iya shi. Idan manomin kofi a tsaunukan Sumatra yana sayar da amfaninsa da arha saboda mota ba ta isa gonarsa, ko mai naƙuda a wani tsibirin Nusa Tenggara ba ta iya kaiwa asibiti saboda gada ta karye, ko an ninka musu tallafi ba za su gina hanya ba. Titin siminti, kwalbati, magudanar ban ruwa, famfon ruwan sha, ginin posyandu: waɗannan sai kuɗin gari. Kuma su ne ke sa sharuɗɗan PKH su yi ma'ana. Ba banza ba aka fara PKH a gundumomin da tuni suke da makaranta da asibiti. Inda babu ungozoma, sharaɗin zuwa awo zalunci ne kawai.

Sai dai kuɗin gari yana da raunin da ya kamata a duba da idon basira. Na farko, sata. Wani masanin tattalin arziki, Benjamin Olken, ya yi gwaji a ƙauyuka 608 da ke gina hanyoyi. Bayan an gama aiki, injiniyoyi suka haƙa titunan suka auna yawan dutse, yashi da tsakuwar da aka zuba, suka tambayi leburori abin da aka biya su, suka gwada da rasit. Inda babu tabbacin zuwan masu binciken kuɗi, kusan kashi 28 cikin 100 na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba. Inda aka sanar tun farko cewa lalle za a zo bincike kuma a karanta sakamakon a gaban jama'a, ya sauka zuwa kusan 19. Ƙara gayyatar mutane taro kuwa bai rage ɓarnar ba sosai. Dalili a fili yake: lebura ya san idan an rage masa lada, amma ba mai iya gane an rage buhun siminti ko kaurin kankare da ido. Saboda haka duk mai zuba kuɗi a aikin gini ya ware kuɗin injiniya mai zaman kansa da zai auna aikin, ya kuma sanar da haka kafin a tona ƙasa. Ƙungiyar sa ido kan rashawa ta ICW ta sha nuna cewa kuɗin ƙauyuka na cikin ɓangarorin da aka fi gurfanar da mutane a kansu, a 2019 ma an bankaɗo ƙauyukan bogi a yankin Konawe na tsibirin Sulawesi waɗanda aka yi wa rajista don karɓar kaso.

Na biyu, wa ke magana a taro? Bazawarar da ke aikin ƙodago a gonar wani ba ta da lokacin zama, in ma ta zo da wuya ta ɗaga murya a gaban limami, malamin makaranta da mai filaye. A zamanin PNPM an tilasta zaman mata na musamman, kuma aƙalla shawara ɗaya daga cikin waɗanda ƙauye zai gabatar sai ta fito daga mata. Ƙauyuka kuma suna gasa a matakin gunduma, wanda shawararsa ba ta da ƙwari ya rasa. Da kuɗin ya zama haƙƙi, gasar ta kau, iko ya taru a hannun shugaban ƙauye, wanda gyaran dokar da aka yi a 2024 ya tsawaita wa'adinsa daga shekara shida zuwa takwas. Wani gwaji a ƙauyuka 49 ya nuna cewa idan aka bar kowane baligi ya jefa ƙuri'a kan aikin da yake so maimakon wakilai su yanke, gamsuwar jama'a da niyyarsu ta ba da gudummawa suna ƙaruwa ƙwarai, ko da aikin da aka zaɓa bai sauya sosai ba. Hanya ce mai sauƙin kuɗi da ta cancanci a ɗauka.

Na uku, lokaci da gyara. Idan rahoton kashin farko ya makara, na ƙarshe yana zuwa dab da ƙarshen shekara, lokacin da damina ta kankama a Java da yawancin kudancin ƙasar. Kankaren da aka zuba cikin ruwan sama da gaggawar rufe lissafi ba ya ƙarko. Kasafi kuma ya fi son sabon gini a kan share magudana da cike rami, sai titin shekara uku ya koma kamar ba a yi ba.

Wani reshe na kuɗin gari shi ne kamfanin ƙauye, BUMDes. Kowa yana ambaton ƙauyen Ponggok da ke Klaten a tsibirin Java, inda aka mai da wani marmaro wurin yawon buɗe ido har ya riƙa kawo biliyoyin rupiya. Ponggok tana da ruwa mai haske da manyan birane kusa da ita. A ƙarshen 2019 Shugaba Joko Widodo da kansa ya ce BUMDes 2,188 ba sa aiki, wasu 1,670 kuma suna aiki amma ba sa kawo wa ƙauye komai. Waɗanda suka fi daɗewa su ne masu yin abin da gari ke buƙata kuma ba ɗan kasuwar da ke yi, kamar rarraba ruwan famfo, kwashe shara ko kula da kasuwar ƙauye. Wanda ya buɗe kanti yana gogayya da masu ƙananan shaguna, ko dai ya faɗi, ko ya karya maƙwabta.

Su kansu ƙauyukan yanzu suna fuskantar wannan zaɓin cikin kasafinsu. A 2020 aka buɗe musu damar ba da tallafin hannu daga Dana Desa, rupiya 600,000 a wata na wata uku, daga baya 300,000. A 2022 an wajabta aƙalla kashi 40 ya tafi nan, a 2025 aka mai da shi kada ya wuce kashi 15. Mafi amfanin wannan kaso shi ne cike giɓin rajistar ƙasa: tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, mai ciwon da ya kwantar da shi, gidan da ya talauce bayan an rufe rajista.

Mekaar: jari da zubin mako-mako

An fara Mekaar a ƙarshen 2015. Mata aƙalla goma 'yan unguwa ɗaya ke haɗa ƙungiya, su zaɓi shugaba, a yi musu ɗan horo, jami'a ta ziyarci gidajensu. Ba a neman jingina. Abin da ke maye gurbinta shi ne lamunin juna: idan ɗaya ta kasa zubi, sauran su haɗa su biya mata a zaman. Ana haɗuwa kowane mako a gidan ɗaya daga cikinsu. Matan ƙasar sun saba da arisan, wanda shi ne adashe, don haka zaman bai zo musu baƙo ba, amma bambancin yana da girma: a adashe kuɗinki ne ke dawo miki, a nan kuwa akwai ƙari.

Misalin da aka fi sani shi ne rancen miliyan 2 da ake biya 50,000 kowane mako har mako 50, jimilla miliyan 2.5. A takarda ƙarin kashi 25 ne cikin 100. Amma tunda ana rage uwar kuɗin kowane mako alhali ƙarin yana nan a kan miliyan 2 ɗin farko, ainihin tsadar ta kusa ninki biyu na haka. Ana kuma riƙe wani ɗan kaso a matsayin ajiyar lamuni, ke nan abin da ke shiga hannu bai cika miliyan 2 ba. Akwai tsarin shari'a na Mekaar da ake yi da murabaha, wato cinikin da ake bayyana ribar da aka ɗora tun farko, mace ta wakilci kamfanin ta sayo kayan sana'arta, kuma a lardin Aceh dokar 2018 ta wajabta wa duk cibiyoyin kuɗi bin tsarin shari'a. Wannan yana warware damuwar riba ga mai ita, amma bai rage nauyin zubin mako ba.

Wa wannan rance ke yi wa amfani? Mai sayar da soye-soye da safe, mai ɗan shago a ƙofar gida, mai tallan kayan miya, mai ɗinki da ke da masu kawo mata aiki. Waɗannan jarinsu na juyawa cikin kwana ɗaya zuwa bakwai, kuma sau da yawa abin da suka bari shi ne mai ba da bashin yau da kullum wanda tsadarsa ta ninka wannan. Ga irinsu Mekaar ci gaba ne na gaske, kuma mai biya da kyau ana ƙara mata, har ta iya kaiwa ga KUR, rancen banki da gwamnati ke tallafa wa a kan kashi 6 a shekara.

Wa yake cutarwa? Manomiyar shinkafa da sai bayan wata huɗu za ta girbe, da mai kiwon akuya, domin zubi na farawa tun kafin jarin ya haifi komai. Sai wadda ta karɓa don kuɗin makaranta, magani ko biki. Sai wadda ta ara wa miji ko maƙwabciya sunanta. A Java ta Yamma, inda ake kiran masu irin wannan rance bank emok, ba PNM kaɗai ke shiga unguwa ba, mace ɗaya tana iya zama cikin ƙungiya uku ko huɗu, tana cin bashin Talata ta biya na Litinin. A nan ne lamunin juna ke juyewa: maƙwabtan da suka biya mata sau biyu sai su daina gaisawa da ita, wata har ta bar gari. Haɗarin sata ma yana nan. A 2023 ɗaruruwan mutanen ƙauyen Sukabakti da ke Garut sun tarar an ci bashi da sunayensu ba da saninsu ba, saboda an yi amfani da bayanan katunansu. Kada a saki kuɗi sai mai sunan tana zaune, kuma a riƙa sauya jami'in da ke duba ƙungiya.

Akwai abin da ke faruwa a irin waɗannan ƙungiyoyi wanda ba a cika faɗa ba. Tunda kowa na ɗaukar nauyin kowa, mata suna guje wa sa mafi talauci a cikinsu. An ga haka a asusun rancen mata na PNPM, inda bashin da ba a biya ba kan iya jawo wa ƙauye duka asarar kasonsa. Rance ba ya isa can ƙasa, kuma idan aka tilasta ya isa, nan ne ya fi ɓarna. Ga mai son ba matalauta na ƙasa jari, akwai hanyoyi masu sauƙin nauyi: kyautar jari daga zakka ta hannun hukumar zakka ta ƙasa BAZNAS, Lazismu ta Muhammadiyah, LAZISNU ta Nahdlatul Ulama ko Dompet Dhuafa, ko kuma Bank Wakaf Mikro da aka fara a 2017 a kewayen makarantun kwana na addini, mai ba da rupiya miliyan 1 zuwa 3 a kan kashi 3 a shekara. Kyautar jari ga ƙungiya, irin ta KUBE, takan lalace idan don karɓar kuɗin aka haɗa ƙungiyar: shanun da na kowa ne ba mai yi musu ciyawa, daga ƙarshe a sayar a raba. Gara kowace mace ta mallaki nata, ƙungiya ta zama wurin koyo da ajiya.

Yadda za a yanke

Tambayar da ta fi raba gardama ita ce: idan abin ya lalace, wa zai ɗauki asarar? A PKH baitulmali ne ke asara idan kuɗi ya je gidan da bai cancanta ba. A Dana Desa gari ne ke rasa titi mai kyau, amma ba wanda ya kwana da bashi. A Mekaar asarar tana kan mace ɗaya da maƙwabtanta tara. Don haka ne bai kamata a fara da rance a gidan da ciwo ɗaya zai iya rusawa ba. A fara tabbatar da suna cikin inshorar lafiya ta JKN a rukunin da gwamnati ke biya wa, wato rupiya 42,000 ga mutum a wata, sannan tallafin hannu idan akwai mai ciki, ƙananan yara ko tsoho. Gidan da yake da waɗannan biyun, kuma uwar tana da sana'ar da ke kawo kuɗi kowane mako har ribarta ta ninka zubin aƙalla sau biyu, shi ne ya isa cin rance.

Wuri ma yana yanke hukunci. A ƙauyen Java mai titi, kasuwa da asibiti kusa, ƙarin kankare ba zai sauya rayuwar matalauci sosai ba, tallafi da jari sun fi tasiri. A tsaunukan Papua ko ƙananan tsibiran Maluku, inda cirar kuɗin kanta kan ci kuɗin jirgin ruwa ko babur mai yawa, aikin gari ne ke gaba, kuma a haɗa biyan tallafi ta gidan waya zuwa wurin da mutane suke. Girman aljihun mai bayarwa shi ne na uku. Tallafin hannu alkawari ne na shekaru, yanke shi a tsakiya yana fitar da yaro daga makaranta. Mai kuɗin shekara ɗaya gara ya yi aiki guda mai iyaka, kamar ruwan sha, ya auna shi, ya kafa kwamitin da zai riƙa karɓar ɗan kuɗin gyara.

Ƙauyukan ƙasar suna da sabon zaɓi a gabansu tun Yulin 2025, lokacin da Shugaba Prabowo Subianto ya ƙaddamar da ƙungiyoyin gama kai na Merah Putih kusan 80,000. Ƙa'idar da aka fitar a 2025 ta ba kowace damar neman rancen bankin gwamnati har rupiya biliyan 3, ta kuma ba da damar a taɓa wani kaso na Dana Desa idan ta kasa biya. Wannan ya ɗora haɗarin rance a kan kuɗin da ake gina kwalbati da ciyar da posyandu. Kafin taron musdes ya amince, ya nemi a karanta masa lissafin ciniki na wata-wata, a faɗi wanda zai sayi kayan da kuma farashin da ake sayar da su yanzu a kasuwar gunduma, a kuma rubuta cikin kundin taro ayyukan da za a fasa a shekarar da ƙungiyar ta gaza biyan banki.